Gungumen da Egya Nyameke Ya Ɓoye

Egya Nyameke Arloo ya kama aiki a gandun roba na kamfaninmu ranar uku ga watan Maris na 1982, yana ɗan shekara ashirin da shida. Katinsa na aiki ya yi shekara goma sha tara a hannuna, don ni ne akawun sashen kudu. A duk tsawon katin nan kwana tara kawai aka rubuta masa fashi: uku na zazzaɓi, shida na makokin ƙanensa Mieza. Su biyun suna cikin waɗanda suka dasa fili na goma sha huɗu da hannunsu, suka yi shekara shida suna nome shi, sannan aka ba kowa wuƙar tsaga da layukansa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa ya ɗan karkace hagu saboda shekarun da ya yi yana leƙen bakin tsaga. Kullum kafin rana ta yi zafi ya gama zagaya itace ɗari biyar. Yana yankar ɓawo siriri kamar farce, madara ta bi ɗan indararon ƙarfe ta ɗiga cikin ƙoƙon da aka rataye da waya. Ba a taɓa kawo ƙararsa cewa ya ji wa itace ciwo ba. Bai da yawan magana, kuma idan ya yi dariya sai ka duba fuskarsa kafin ka tabbatar.

Yana zaune a ɗaki mai lamba ashirin da uku a layin ma'aikata, shi da matarsa Ebela. A 2009 ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ɗakin shi ne na ƙarshe a layi, famfo yana bakin ƙofa, ɗakin shan magani kuma taku ɗari biyu ne, yana iya goya ta ya kai ta. Da hannun hagu take cin abinci, da shi take jan jiki ta fito inuwa. 'Ya'yansu biyu mata suna aure can nesa. Dokar kamfani kuwa a fili take: ɗaki na wanda sunansa ke cikin jerin ma'aikata ne. Ranar da aka cire sunanka, kwana goma sha huɗu gare ka ka kawo makulli.

A 2013 fili na goma sha huɗu ya tsufa, madara ta ja baya, aka ce a sare a sake dashe. Da can idan aka sare itacen roba tara shi ake yi a cinna wuta. A wannan karon an sami masu saye: za a daddatse itacen ya zama gutsattsari, tireloli su kai Takoradi, jirgin ruwa ya kwashe. Sabon dashe sai ya shekara bakwai kafin a sa masa wuƙa. Aka rarraba matasan masu tsaga a wasu filaye, aka sallami tsofaffi. Alfarma ɗaya aka yi: duk wanda mai kwangilar daddatsa ta ɗauka, sunansa zai zauna a jeri, ɗakinsa yana nan. Nyameke yana da shekara hamsin da bakwai. Ya wanke rigarsa ta coci ya je ya tsaya gaban mai kwangilar.

Madam Araba Quansah 'yar Takoradi ce, ta yi arziki da jigilar katako, ba ta taɓa kwana a gandun roba ba. Ta tambaye shi abin da ya iya. Ya ce ya san inda ƙarfe yake a jikin kowane itace. Tsohon itacen roba cike yake da ƙarfe: indararon da aka manta, wayar da ta tsinke, ƙusar da wani ya rataye jakar abincinsa, duk ɓawo ya haɗiye su, ido ba ya gani. Ta ɗauke shi nan take, har ta ce ya biyo ta sayen inji.

Mu huɗu muka je, ranar goma sha ɗaya ga Afrilu. Ni an aike ni in rubuta lambar inji da ƙarfinsa. Na huɗunmu shi ne Ato Kwamena, wanda zai riƙa tuƙa injin, ƙato mai tumbi da ya yi shekara goma sha biyu yana jan manyan injuna a ma'adinar zinari. A wani fili bayan tashar jirgin ruwa aka nuna mana inji biyu, duka na hannu. Ƙaramin yana da faifai mai wuƙa huɗu, bakinsa bai wuce taƙi biyu ba, babban gungume sai an tsaga shi kafin ya shiga. Amma yana da na'urar da ke jin ƙarfe: da ta ji, sai ta tsayar da abin da ke jan itace ciki. Babban kuwa ganga gare shi mai wuƙa goma sha biyu, kowace ta kai tsawon kamu, yana haɗiye gungume sukutum. Na'urarsa ta mutu tun a ƙasar da aka kawo shi.

Ato ya zagaya babban sau biyu, ya hau, ya shafa murfin ganga.

Ya ce, “Madam, zo ki ga ɗinki. Wa ya yi wannan walda, tela?”

Mai sayarwa ya ce, “Ɗan tsagewa ne aka like. Ya fi sabo ƙarfi.”

“Haka matata ta ce da ta ɗinke mini wando, sai da na sunkuya a gaban limamin coci.” Ya diro ƙasa yana karkaɗe hannu. “Madam, ƙaramin nan za mu ɗauka. Yana da hankali. Wannan kada ne, abin da ka ba shi zai ci.”

Madam ta ce, “Da ƙaramin wata nawa za mu yi?”

“Takwas. Ko tara.”

“Wata biyar aka ba ni. Kai za ka riƙe mini jirgin da hannunka?”

“To na'urar fa?”

Ta juya ta nuna Nyameke, wanda yake tsaye gefe da hula a hannu. “Ga na'urata nan. Ba ta shan mai, ba ta son batir. Ko ba haka ba, Egya?”

Nyameke ya ce, “Haka ne, Madam.”

A mota muna dawowa ta kafa masa sharaɗi a gabanmu, na kuma rubuta: gungumen da ya duba ya shafa wa farin fenti shi kaɗai zai shiga inji. Idan ƙarfe ya shiga daga gungume mai farin fenti, a ranar nan aikinsa ya ƙare.

Aka fara aiki ranar biyu ga Mayu. Sunan da Ato ya ba injin ya bi shi, kowa Kada yake cewa. Masu zarton inji shida suna kayarwa, wata mota mai ƙugiya tana jawo gumagumai tana jerawa, Nyameke yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina sa lamba da shuɗin fenti, ɗaya a kututture, ɗaya a gindin gungumen, in soke lambar idan ya shiga. Ƙarar Kada ba ta barin magana. Auduga muke cusawa a kunne, duk da haka in ka koma gida sai ka ji kamar ƙudan zuma sun yi saƙa a kanka. Gungumen da ya shekara talatin yana girma, kafin ka ƙirga ashirin ya zama tsibi a bayan tirela.

Nyameke ba ya sauri. Sai ya durƙusa ya bi jikin gungume da tafin hannu, inda ya ji ƙullutu ya ƙwanƙwasa da ɗan guduma, ya kara kunne, sannan ya sa kurfi ya tono. Kullum yana cika rabin bokiti da tsatsattsen ƙarfe. A sati shida na farko ko ƙusa ɗaya ba ta kai ga wuƙa ba. Ato ya sa masa suna Likita.

Da rana idan aka kashe inji muka zauna cin aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi, sai Ato ya kwanta rigingine ya ɗaga riga. “Likita, zo ka lalube ni. Tun jiya nake jin ƙarfe a cikin nan.”

“Ba ƙarfe ba ne. Kifin mutane ne.”

“Kun ji shi! Wata biyu bai yi magana ba, ashe tara mini yake yi. Akawu, rubuta: yau Likita ya yi magana, ƙarfe ɗaya da kwata.”

Kusan kullum Ato yakan ware kan kifi mafi girma ya naɗe a ganye ya tura masa. “Ka kai wa Maame Ebela. Ka ce mijinta na gaskiya ya gaishe ta.”

A sati na bakwai aka iso layi na tara. Ranar Alhamis da na haɗa lambobi, sai na ga ɗaya bai soku ba: dubu biyu da ɗari huɗu da goma sha biyu, itacen farko a layin. Kututturensa yana nan da shuɗin fentina, gungumen babu. Na sami Nyameke yana wasa kurfinsa.

“Egya, na farkon layi na tara bai shiga ba.”

“Akawu, itace dubu shida ne a filin nan.”

“Dubu shida da ɗari ɗaya da tamanin.”

“To ɗaya me zai rage maka? Rubuta gara ta cinye.”

“Gara, a kwana uku?”

Ya ajiye kurfin, ya dube ni. “Ɗana, bar shi.”

Bai taɓa kirana haka ba. Amma ban bar shi ba. Washegari na bi sawun ja daga kututturen har bakin kwazazzabon da ke iyakar fili. Gungumen yana can ƙasa, an lulluɓe shi da rassa. Ga alamun inda aka sa sanda aka yi ta mirgina shi, aikin mutum ɗaya ne kuma ya ci wuya. A gefensa akwai ƙaramar kwalbar giya babu komai a ciki. Na rubuta a rahoton mako: an same shi a kwazazzabo, bai lalace ba.

Ni haifaffen garin Axim ne, a ofis na yi rayuwata, kuma akwai abin da masu tsaga ba sa faɗa wa ɗan ofis. Sai daga baya na sani. A gandun nan idan mai tsaga ya mutu a bakin aiki, ranar kwana takwas tsofaffin abokan aikinsa sukan ɗauki wuƙarsa su je itacen farko na layinsa. Ɗan'uwansa mafi kusa ya buga ta cikin itacen daidai tsayin ƙirji, a karya ƙotar, a zuba wa ƙasa giya. Sun ce ta haka hannun mamaci yake hutawa. Duk wanda ya tono ta, ko ya nuna wa bare inda take, mamacin zai tashi neman hannun aiki, kuma a gidan mai tonon zai ɗauka. Kowa yakan kurɓi giyar ya rantse. Lokacin da ake ƙone itace babu damuwa, wuƙa takan bi toka ta koma ƙasa. Layi na tara na Mieza ne. Reshe ya faɗo masa a ka cikin iskar damina a 1996, Nyameke ne ya buga wuƙar. Cikin mutum biyar da suka tsaya a wurin, shi kaɗai ya rage da rai. A gidansa kuma hannu ɗaya ya rage wa Ebela.

Ranar Litinin, ashirin da huɗu ga Yuni, Madam ta zo da rahotona a hannu. Ta sa mai ƙugiya ya jawo gungumen ya ajiye a gaban Kada, ta sa aka kashe inji, ta tara mu.

“Wa ya kai wannan rami?”

Muka duddubi juna. Ɓoye itacen kamfani sata ce a doka, hukuncinta kora.

“Egya, kai ne kake kwana kake tashi da gumagumai. Ƙafa ya yi?”

Ya ce, “Ruwan Talata ne, Madam. Wurin gangare ne, ya mirgina.”

“Ruwan ne ya lulluɓe shi da ganye kuma? Ruwan garinku akwai ladabi.” Wasu suka yi dariya. Ta duba agogo. “Ba ni da lokacin shari'a. Duba shi, in yana da ƙarfe ka tono, mu wuce.”

Ya durƙusa. Na tsaya kusa da shi da littafina. Ya tono indararo biyu da guntun waya. Da ya iso wani wuri mai ɗan kumburi kamar gwiwa, tafinsa ya tsaya a kai. Bai ƙwanƙwasa ba. Daga baya ya gaya mini abin da ya yi ta juyawa a ransa a wannan lokacin. In ya ce akwai ƙarfe, za a ce ya tono a gaban kowa. In ya ƙi, sai ya faɗi dalili, kuma dalilin zai nuna shi ya ɓoye gungumen ya kuma yi ƙarya. Ta kowace hanya, ko hannun Ebela ko ɗakinta. Sai ya ce wa kansa shekara goma sha bakwai ke nan, ɗanyen itace ne, tsatsa ta cinye wuƙar tuni, ba abin da ya rage sai jan gari.

Madam ta ce, “Likita, mara lafiyar zai tashi ko mu kira limami?”

Ya tsoma buroshi ya shafa farin fenti.

Aka tayar da Kada. Nyameke ya taka ya je wurin Ato, inda yake tsaye a gefen ganga da hannunsa a kan sandar sarrafawa, ya ja rigarsa ya yi masa ihu a kunne. Ina kusa, na ji.

“Ato, je ka sha ruwa. Zan riƙe maka.”

“Kai? Ka riƙe Kada? Sai ka fara laluben cikinsa tukuna!”

“Don Allah matsa baya. Na wannan kawai.”

Ato ya yi dariya, ya sa hannu ɗaya ya ture shi gefe kamar yadda ake kawar da akuya daga bakin tukunya. Ya ja sanda. Gungumen ya shiga.

Ƙarfe goma da minti arba'in. Ƙarar ba ta yi kama da komai da na sani ba, ta zo sau ɗaya ta wuce, sai injin ya shiga jijjiga yana tari. Wuƙar tsaga ƙarfe ne mai tauri, kuma madarar roba ta naɗe ta ta hana ruwa taɓa ta. Da aka ciro guntunta daga baya, bakinta yana walƙiya. Ta karya wuƙar ganga biyu. Ɓallin ɗaya, mai faɗin tafin hannu, ya fasa murfin daidai kan ɗinkin walda ya sami Ato a ƙasan haƙarƙari. Ya zauna a ƙasa a hankali yana kallon rigarsa. Nyameke ne ya kashe injin, shi ne kuma ya toshe raunin da hularsa a bayan motar Madam. Ato bai kai asibiti ba. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Aka zauna bincike ranar Alhamis a ofishin manajan sashe, ni nake rubutawa. An ajiye guntun wuƙar a kan tebur. Babu wanda ya matsa wa Nyameke, don kowa ya ɗauka kuskure ne irin na tsufa, manaja har ya fara cewa ido da hannu suna gajiya. Sai Nyameke ya miƙe ya faɗi komai, tun daga mutuwar Mieza har farin fenti. Ya yi maganar da ta fi duk wadda na ji ya yi a shekara goma sha tara.

Madam ta ce, “Egya, duk wannan a kan guntun itace? Da ka ja ni gefe ka ce akwai abin mutanenku a ciki, wallahi da na sa an yanke maka wurin ka tafi da shi. Me zan yi da wuƙar mamaci?”

Ya ce, “Na sha giyar, Madam.”

Ba ta gane ba, ba wanda ya yi mata bayani. Na karanta musu abin da na rubuta, har da rahotona na ranar Juma'a da maganar da ya yi mini ranar Alhamis. Manaja ya ce akawu ya yi aikinsa daidai. Haka aka rubuta.

'Yan sanda sun riƙe Nyameke kwana uku suka sake shi, don matar Ato ta ce ba ta son shari'a da tsoho, kuma maganar murfin da aka like ta sa kowa yana son a rufe zancen da wuri. An cire sunansa daga jeri ranar ɗaya ga Yuli. Na roƙi manaja a ƙara masa wata guda saboda matarsa, ya ce in aka yi wa ɗaya sai an yi wa kowa. Kada ya yi sati uku a tsaye, aka kawo sababbin wuƙaƙe da sabon murfi da wani direba. Madam ta sayo sandar neman ƙarfe mai batir, aka ba wani ya riƙa bin gumagumai da ita. Kafin a gama filin ta gano wuƙa biyu a wasu layuka, waɗanda babu mai rai da ya san na su wane ne. An jefa su cikin bokiti tare da ƙusoshi.

Ranar sha biyar ga Yuli Nyameke ya kawo mini makulli da kansa. Motar kwakwa ce ta ɗauke su, an shimfiɗa wa Ebela katifa a baya tsakanin tukwane, matan layin ma'aikata suna tsaye suna kallo. Suka koma ƙauyen danginta a bakin tafki, inda sai an shiga kwalekwale sannan a yi tafiyar awa guda kafin a ga mai ba da magani. Ebela ta rasu a watan Nuwamba na shekarar.

Na je ƙauyen sau ɗaya, bayan shekara biyu, ranar wata Lahadi. Na same shi a bayan gidan wani mai matsar man kwakwa, yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana fasa kwakwa da adda, ana biyansa a kan kowace ɗari. Kunnensa ya yi nauyi, sai da na maimaita gaisuwa sau uku. Ya tambaye ni ko sabon dashen ya kama, na ce ya kai ƙirji. Ya tambayi wanda aka ba ɗakin, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya jawo wata kwakwar ya ɗora a kan dutse.